Daga Kurmi Zuwa Keji: Halin da Aku Mai Jar Jela Yake Ciki

  

An nemi in yi magana a kan tsuntsun kurmi da yake gab da ƙarewa, sai na zaɓi aku. Babu Bahaushen da bai san aku ba, amma da wuya a samu mutum biyar a wannan ɗaki da suka taɓa ganinsa a inda Allah Ya ajiye shi. Mun san shi a zauren attajiri da barandar gidan sarauta, yana sallama, yana kwaikwayon tarin maigida da kukan jariri, yara sun kewaye shi suna tsokanarsa da aku kuturu. Mun san shi a littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, inda aku ya yi ta riƙe ɗan sarki da labarai har ya kai ga zama waziri. Duk wannan sani na cikin gida ne. Aku ba ya sheƙa a kuka ko a gawo ko a marke. Danginsa da muke da su a dajinmu su ne tsirya da 'yan'uwanta masu koren gashi. Shi kuwa mai ruwan toka da jar jela ɗan kurmi ne, ɗan ƙasar da goro ke fitowa. Akun da ka gani a kasuwa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya iso, kuma wannan tafiya ce nake so mu bi sawunta yau.

Mazauninsa ya faro daga kudu maso gabashin Kodebuwa, ya ratso Gana da kudancin Nijeriya, ya shiga Kamaru da Gabon da Afirka ta Tsakiya da ƙasashen Kwango biyu, ya kai Yuganda da yammacin Kenya da arewacin Angola. Akwai shi kuma a tsibiran Bioko da Principe. A yammacin wannan yanki, wato Gini Bisau da Gini da Saliyo da Laberiya, akwai wani ɗan'uwansa da ake kira timne, wanda bai kai shi girma ba, jelarsa kuma ja ce mai duhu. A 2012 masana suka raba su gida biyu, kuma dukansu suna cikin hali ɗaya. Tsawon aku bai wuce santimita 33 ba, nauyinsa wajen giram 400. Idon ƙarami baƙi ne, in ya girma sai ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Dillalai sun san wannan sarai, shi ya sa suke buɗe maka idon tsuntsun su ce ka duba, yaro ne, zai koyi magana.

Hukumar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa aku a sahun masu rauni a 2012. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 2016, ta ɗaga shi zuwa sahun waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. Tsuntsun da ya bazu a ƙasashe kusan 20 bai kamata ya shiga wannan kundi da irin wannan sauri ba. Dalilin shigarsa yana cikin yadda yake rayuwa.

Aku ba ya gaggawar haihuwa. Sai ya shekara 3 zuwa 5 kafin ya balaga. In ya sami abokiyar zama, da ita yake zama. Ba ya saƙa sheƙa da ciyawa, sai dai ya nemi kogo a jikin tsohuwar bishiya, can sama, mita 10 zuwa 30 daga ƙasa. Macen ta yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kai wajen kwana 30, namijin yana kawo mata abinci. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan sai sun yi kamar mako 12 a kogon kafin su iya tashi, sannan su ci gaba da bin iyaye suna koyon inda abinci yake da lokacin da kowace bishiya ke nuna. Tsuntsu mai irin wannan tsari ya dogara ne da tsawon rai. Yana haihuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. In aka ɗauke uwa ɗaya, an ɗauke duk 'ya'yan da za ta yi a shekarun da suka rage mata.

Abu na biyu, aku ba ya zaman kaɗaici. Da magariba sukan taru ɗaruruwa, a da ma dubbai, a bishiyoyi sanannu a bakin kogi ko a tsibiri, su kwana. Da asuba su watse neman abinci, musamman 'ya'yan kwakwar manja da suke matuƙar so. A kurmin Kamaru da Kwango akwai filaye masu dausayi a tsakiyar daji, inda suke sauka ƙasa su ci wata ƙasa mai gishiri da wasu ciyayi, kamar yadda shanu ke zuwa lasar kanwa. Gandun dajin Lobeke da ke kudu maso gabashin Kamaru ya yi suna da irin waɗannan filaye. To, wanda ya san makwancinsa, ya san bishiyar da yake ci, ya san filin da yake sauka, kuma ya san ba ya sauya su, ai ya gama da shi.

Ga yadda ake kamun. Mai kamu yakan tafasa ruwan wata bishiya har ya zama danƙo, ya shafe shi a jikin siraran tsinkaye. Kafin gari ya waye ya hau bishiyar da akun ke sauka, ya sossoke tsinkayen a rassa. Sannan ya ɗauko wani aku da ya riga ya kama, ya ɗaure masa igiya a ƙafa, ya ajiye shi a reshe. Wannan ɗaurarren ya yi ta kuka. Na sama da suke wucewa su ji muryar ɗan'uwansu su juyo, domin ɗabi'arsu ce su amsa kira. Da sun sauka, tsinke ya manne a fiffike, tsuntsu ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ya rikito ƙasa daga wannan tsayi. Wani ya karye, wani ya mutu nan take. Wanda ya tsira a sa adda a datse masa dogon gashin fiffike, a jefa shi a kwando. A filayen dausayi kuwa raga ake shimfiɗawa, a jawo ta a kan garke guda. A wasu wurare, lokacin da 'ya'ya ke kogo ake jira, a hau a kwashe su, wani lokaci ma a sare bishiyar ɗungurungum don hawanta ya gagara. An kwashi 'ya'yan bana, an kuma rushe ɗakin haihuwar baɗi.

Daga nan sai hanya. Mai kamu yakan tara su kwanaki a bukkarsa har dillali ya zo. A cusa su da yawa a akwati ɗaya, ba wurin miƙe wuya. A ɗora a kwalekwale, a sauke a ɗora a bayan babur, a sauke a cusa a ƙarƙashin kaya a mota don kada a gani a shingen hanya. Tsuntsun da ya saba da 'ya'yan itace a watsa masa gyaɗa ko masara. Ƙishirwa da zafi da tsoro su taru a kansa, cutar da ɗaya ya ɗauko ta bi sauran. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna kashi 30 zuwa sama da kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka kama suna mutuwa kafin a fitar da su daga ƙasa, kuma adadin da aka samu a Nijeriya yana can saman wannan ma'auni. Ma'ana, akun da ya iso zaurenka da rai ya bar ɗan'uwansa ɗaya ko biyu a hanya. Dillali ya san da wannan asara, ya riga ya sa ta a cikin kuɗin da ya faɗa maka.

Alƙaluman yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sun nuna an fitar da aku sama da miliyan 1.3 daga dazukan Afirka tsakanin 1975 da 2013. Wannan na masu takarda ne kawai. Da aka haɗa da waɗanda suka mutu a hanya da waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu, an ƙiyasta abin da aka kwasa ya kai miliyan 2 zuwa miliyan 3.

Miliyoyi ba sa taɓa zuciya yadda wuri ɗaya ke taɓawa, don haka bari mu tsaya a Gana. A farkon shekarun 1990 an zagaya kurmin Gana an ƙidaya aku a makwantansa, an rubuta. Bayan shekara 20, wani ɗan ƙasar mai suna Nathaniel Annorbah, tare da Nigel Collar da Stuart Marsden, ya koma ya bi sawun wancan aiki wuri bayan wuri. Ya je makwantai 22 da aka san su a da, bai tarar da ko ɗaya da aku ke kwana a ciki ba. Akwai wurare uku da kowannensu ke tara aku 700 zuwa 1,200 a 1992. Abin da ya gani a ukun gaba ɗaya aku 18 ne. Ya zauna da mutum wajen 900 a ƙauyuka, har da tsofaffin masu kamu da suka bar sana'ar don babu abin kamawa, wasunsu ma sun ƙaura zuwa wasu ƙasashe suna ci gaba. Sakamakon da suka buga a mujallar Ibis a 2016 shi ne Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin Gana shi ne shirun da abin ya faru a cikinsa. Ba annoba aka yi ba, da za a ga gawarwaki a ƙasa a yi kururuwa. Kowace shekara garken da ke wucewa ta saman gari da yamma yana ɗan raguwa. Yaron da aka haifa a 2000 ya tashi ya ga aku uku sun gifta, a wurinsa haka duniya take. Sai dattijo ne kaɗai ya san a da hayaniyarsu takan cika gari da magariba. Kuma duk tsawon wannan lokaci kasuwa a cike take, domin in wani kurmi ya ƙare sai a matsa gaba, mai saye bai ga alamar komai ba. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hanyar da Gana ta bi ita Nijeriya da Kamaru suke kai, ita kuma aka buɗe wa Kwango.

Binciken na Gana ya ɗora laifin a kan abu biyu, kamu da saran manyan bishiyoyi. Cikin bishiyoyin da aku ke sheƙa a kogonsu har da rimi, wanda muka sani a bakin ganuwa da kasuwanninmu, da wata doguwa da 'yan katako ke kira afara. Kogo ba ya samuwa a jikin bishiya sai ta tsufa, kuma tsohuwa mai kauri ita mai injin yankan katako yake fara nufa. Ana iya barin daji kore shar, cike da gonakin koko da ƙananan itatuwa, alhali babu kogo ɗaya da aku zai haihu a ciki. Amma ina so a lura da wani abu. Aku yana iya zama kusa da mutane, yana shiga gonaki da kurmin da aka taɓa sara, muddin akwai manyan bishiyoyi jefi-jefi. Akwai kuma dazuka da suke nan lafiya lau amma babu aku a cikinsu, an kwashe. Saboda haka a ganina kamu shi ne babbar cutar, saran daji yana ƙara mata ƙarfi.

Ta fuskar doka an yi tafiya mai tsawo. A 1981 aka sa aku a rukuni na biyu na CITES, wato a yi ciniki amma da takarda da ƙayyadadden adadi. Amurka ta rufe ƙofarta ga tsuntsayen daji da dokar 1992. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da hanin na dindindin a 2007. Sai kasuwar ta karkata zuwa Gabas ta Tsakiya da Asiya. An yanka wa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kason aku 5,000 a shekara, Kamaru 3,000, amma ana zarce kason, ana buga takardun jabu, ana amfani da takarda ɗaya sau da yawa. A taron CITES da aka yi a Johannesburg a watan Oktoba 2016, Nijeriya da Chadi da Gabon da Angola da Gini da Senegal da Togo, tare da Amurka da Tarayyar Turai, suka nemi a mai da aku rukuni na ɗaya, a haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe kwata-kwata. Aka kaɗa ƙuri'a a asirce, ƙasashe 95 suka amince, 35 suka ƙi. Hanin ya fara aiki a Janairun 2017. Kwango da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka rubuta cewa ba su ɗaure kansu da shi ba. Sai a 2025 gwamnatin Kwango ta haramta kamu da cinikin aku a duk faɗin ƙasarta.

Hanin ya rage ɓarna, amma bai tsayar da ita ba. Ciniki ya koma waya. Masu bincike da suka bi tallace-tallacen da ake yi a Facebook da makamantansa sun ga hotunan akwatuna cike da aku masu datsattsen fiffike, suna fita daga Kwango zuwa Turkiyya da Pakistan da Iraƙi da Jodan. A 2019, bayan wani bincike ya fallasa yadda ake loda su a jiragensa, kamfanin Turkish Airlines ya sanar da daina ɗaukar aku. Akwai kuma wata kafa da ta rage a buɗe. Doka ta halatta cinikin akun da aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo masu rajista, kuma Afirka ta Kudu ce kan gaba a wannan sana'a. Kiwon kansa ba laifi ba ne, amma na daji ya fi arha, don haka akan shigo da shi a lulluɓe shi da takardar na kiwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce jami'in da ya karɓi na goro ya buga hatimi.

Ba don magana kaɗai ake neman aku ba. Jan gashin jelarsa yana da daraja a al'adun Yarbawa da mutanen Binin, ana sa shi a kayan sarauta da na bauta, har a Birazil inda zuriyar bayin da aka kwasa suka riƙe al'adar. A kasuwar Akodessewa da ke Lome ana sayar da kawunan aku ga masu neman farin jini ko kaifin ƙwaƙwalwa. Shi wannan ciniki bai damu da tsuntsu ya iso da rai ba.

Mu dawo gida. A Nijeriya ragowar aku yana gandun dajin Kuros Riba, da Okomu a jihar Edo, da kurmin Omo a jihar Ogun, da fadamun Neja Delta. Dokar kare halittu masu haɗarin ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kamunsa da cinikinsa. Duk da haka rahotannin masu bincike sun daɗe suna ambaton Legas da Kano a matsayin manyan mahaɗar wannan fatauci, inda ake tara na cikin gida da na Kamaru kafin su wuce gaba. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma gaskiya ce. Kurmin ba namu ba ne, amma kasuwa da hanya da wani kaso na masu saye namu ne. Mun saba mu ɗora laifi a kan mai kamu, mutumin ƙauye da ba shi da wata hanyar samun kuɗin makarantar ɗansa, wanda abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da tsuntsun zai yi a Dubai. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ba wanda zai hau bishiya mai tsawon mita 30 cikin duhun asuba in babu mai jira da kuɗi a hannu.

Yanzu bari in faɗi wane ne wannan da muke sakawa a keji. A 1977 wata masaniya a Amurka mai suna Irene Pepperberg ta sayi aku a wani kanti a Chicago, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Alex ya san kalmomi sama da 100. Yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida, in aka nuna masa abu biyu aka tambaye shi me ya haɗa su ko me ya raba su yana faɗa. A 2020 wasu masu bincike suka buga wani gwaji da suka yi a tsibirin Tenerife. An koya wa aku musayar wani ɗan ƙarfe da abinci. Sai aka ba ɗaya ƙarafan aka toshe masa tagar musaya, aka bar wa na kusa da shi taga ba ƙarfe. Mai ƙarfen ya riƙa miƙa wa ɗan'uwansa ta ramin da ke tsakaninsu, ba tare da ya sami komai a lokacin ba. Wannan ita ce halittar da ake rabawa da garkenta, a ajiye ita kaɗai a kejin da bai kai ta buɗe fiffike ba, kuma tana iya shekara 40 zuwa 60 a haka. Wanda ya taɓa ganin aku ya tsige gashin ƙirjinsa da bakinsa har fata ta fito tsirara ya ga abin da kaɗaici ke yi masa. Jama'a sukan ce ƙwarƙwata ce ta kama shi. Sau da yawa damuwa ce.

Malamaina da ke nan sun fi ni sanin hukunci. Na san malamai sun halatta ajiye tsuntsu in za a ba shi haƙƙinsa, suna kafa hujja da hadisin wani ƙaramin yaro na Madina da yake da ɗan tsuntsu. Amma a cikin Sunan Abi Dawud akwai labarin sahabbai da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a mayar mata da su. Ina roƙon malamai su dubi cinikin da na bayyana, wanda rabin kayansa ke mutuwa da ƙishirwa a akwati, wanda kuma hukuma ta hana, su gaya wa jama'a matsayinsa a kan mumbari. Maganarsu za ta kai inda takardar CITES ba za ta taɓa kaiwa ba.

Aku yana farfaɗowa in aka ɗaga masa ƙafa. A tsibirin Principe an daɗe ana kwasar 'ya'yansa, da aka hana a tsakiyar shekarun 2000 sai yawansa ya ƙaru. Binciken da wani masani mai suna Simon Valle ya yi a can ya nuna kama manya ya fi kwasar 'ya'ya illa nesa ba kusa ba, kuma danƙo da raga manya suke kamawa. A nan Nijeriya akwai garin Ikodi a jihar Ribas, inda al'ada ta hana taɓa aku. Tsuntsayen sun daɗe suna kwana a kurmin garin, mutane suna tsintar jan gashin da ya zube da kansa su sayar. Ga mai neman gashi ya samu, ga tsuntsu da ransa, kuma mutanen gari su ne masu gadi, domin amfaninsu yana cikin zamansa. Duk shirin da za a yi a Kuros Riba ko Okomu wanda bai sa wa mutanen ƙauye wani abu a hannu ba, ba zai yi ƙarko ba. Tsohon mai kamu ya fi kowa sanin makwanci da kogo, shi ya fi dacewa a ɗauka aikin ƙidaya da gadi.

Mayar da wanda aka ƙwace daji kuwa aiki ne mai wuya da tsada. Cibiyar kula da namun daji ta Limbe a Kamaru ta sha karɓar aku ɗaruruwa a lokaci guda, wani zubin sama da 1,000, daga kamen da aka yi a filin jirgin saman Duwala. Sai an wanke danƙo, an yi maganin cuta, an killace su, an jira gashin fiffiken da aka datse ya sake fitowa, abin da kan ci watanni. A 2013 an saki wasu a tsibirin Ngamba na Yuganda, waɗanda aka ƙwace a Bulgeriya shekara uku kafin nan. Cikin sama da 100 da aka kama, ƙasa da 20 ne suka kai ranar saki.

Na san a cikinmu akwai masu aku a gida, wasu ma gadonsa suka yi. Kada wanda ya ji wannan lacca ya je ya buɗe keji ya sake shi a Kano ko Katsina, domin ba zai sami abincinsa ba, shaho ko yunwa ne za su gama da shi. A faɗaɗa masa wuri yadda zai buɗe fiffike ya yi tsalle. A daina tsare shi a kan gyaɗa kaɗai, ballantana mai fumfuna, wadda ke jawo masa ciwon huhu. A ba shi gwanda da mangwaro da ayaba da karas da ganye, da 'ya'yan kwakwar manja in an samu, amma ban da fiya, guba ce a gare shi. A ajiye shi inda mutane suke, a ba shi reshen da zai gwaguya, a fesa masa ruwa lokacin hunturu, a kai shi wurin likitan dabbobi in ya yi sanyi. A riƙa wanke hannu bayan share keji, domin akwai cutar numfashi da mutum ke ɗauka daga kashinsa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a sayo masa na biyu, kada a sayi wani a kai wa maigida ko basarake a matsayin tsaraba, kuma kada tausayi ya sa a sayi wanda aka gani a galabaice a kasuwa, domin kuɗin da ka bayar shi zai kamo wanda zai maye gurbinsa. Wanda ya ga an kasa su a kasuwa ko ana tallarsu a waya, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli da jami'an kwastan ne ke da hurumi, a sanar da su wuri da rana, da hoto in ya samu.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.